Mu da Ruwa da Tsofaffin Motocinmu a Kan Dutsen Mambila

Mu nan kan dutse ba ma tambayar matafiyi ƙarfe nawa zai iso. Abin da muke tambaya shi ne, "Yaya ka baro garin a can?" In ya ce hadari ya haɗo ta wajen Maisamari, shi ke nan, uwargida ta rufe masa tuwonsa ta ajiye, mu kuma mu ce Allah Ya kawo shi lafiya. Baƙon da ya hawo daga Kano ko Sakkwato yakan ɗauka sakaci ne ya hana mu cika alkawarin lokaci, sai ya ga watan Agusta a Gembu, ya ga yadda marka ke kwana ta wuni ba ta ɗaga ba, sannan ya fahimce mu. Daminarmu takan faɗi tun ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ba ta sallamarmu sai Oktoba, wata shekarar ma har ta leƙa Nuwamba. Ruwan da ke sauka mana a shekara yana kai wa milimita 1,800, kusan ninki biyu na abin da Kano ke samu. Muna zaune a tsayin mita 1,600 ko fiye, ga Chappal Waddi can bakin iyakar Kamaru da mita 2,419, babu dutsen da ya kamo shi a Najeriya. Shi ya sa rigar sanyi da takalmin roba suke bakin ƙofar kowane gida, kuma yaron da aka haifa a nan bai san fanka ba sai ranar da ya gangara Jalingo.

Ruwan nan shi ya kafa mana majalisa. Da zarar ya tsuge, aiki ya tsaya, sai mu taru a rumfar mai shayi da ke jingine da garejin Baba makaniki: direbobi, yaran mota, masu acaɓa, malamin makaranta ɗaya da ba ya rasa zuwa, da Alhaji mai sayen masara. Kwano na ta ƙara a kanmu, dole kowa ya ɗaga murya. Ko da wace magana aka fara, da farashin taki ko da siyasa, kafin a sauke butar farko an dawo kan mota.

Motar kuwa ɗaya ce, Land Rover. A wasu garuruwan ta zama tarihi, sai dai a gan ta a hoto ko yashe a bayan tsohon ofishi, ciyawa ta cinye ta. A nan ita ke ɗauko masara daga Mayo Ndaga, ta kwaso ayaba da fiya da gwaza, ta ɗauki katakon zaiti, ta kai amarya, ta kai mara lafiya asibiti. Akasarin namu masu dogon jiki ne, waɗanda ake kira 109, ƙirar da aka yi tsakanin 1971 da 1985, wasu ma sun girmi haka. Da yawa sun girmi direbobinsu.

Malam shi ne mai riƙe mana tarihi. Shi ya gaya mana cewa a 1948 aka fara fito da ita, a garin Solihull na Ingila, kuma ƙarancin ƙarfe bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya sa aka yi jikinta da goran ruwa. Baba ya ce masa, "Malam, to Allah ne Ya nufe mu da alheri. Da ƙarfe ne, da tsatsa ta cinye su tun ina yaron gareji." Gaskiya ya faɗa, amma rabi. Jikin ba ya tsatsa, ƙashin da ke ƙasa kuwa ƙarfe ne, kuma lakar nan tamu ja mai danƙo tana shiga kowane lungu nasa ta kwanta da danshinta. Duk mai Land Rover ya san cewa da rani ya shigo zai kai ta wajen mai walda a duba ƙasanta. Wanda ya yi ƙyuya, wata rana yana tsakiyar hawa da buhu ashirin zai ji sifirin ya rabu da mazauninsa.

Alhaji shi kaɗai ne mai Hilux a cikinmu, kuma ba ya gajiya da tsokana.

"Baba, ku dai kuna son wahala ne. Mota ba hita, gilashi na zuba, sitiyari sai ka yi kokawa da shi. Ni ina ciki da ɗumina, ina jin karatu a rediyo."

"Alhaji, ranka ya daɗe, ba mu ƙi taka ba. Amma ranar da ta yi gardama a hanyar Dorofi, wa aka kira ya jawo ta?"

Sai a fashe da dariya, Alhaji ma ya yi. Ni dai a wannan gardamar ina bayan Baba, ba don Hilux ba ta da ƙarfi ba, tana da shi. Abin da ke raba su shi ne ranar lalacewa. Sabuwar mota in ta tsaya a daji, sai an nemo mai na'urar da zai karanta ciwonta, kayan gyaran kuma sai an aika Jalingo ko Anaca. Tsohuwar kuwa, duk abin da ke cikinta ido na ganinsa, hannu na kai masa. Na sha tsayawa ina kallon Baba da safe, bayan an kwana ana ruwa, mota ta ƙi tashi. Ba ya ko tambaya. Zai ɗaga bonet, ya ɓalle murfin distiributa, ya juya shi ya nuna wa yaronsa ɗigon raɓar da ta taru a ciki. Ya zaro tsumma busasshe daga aljihun rigarsa, wanda ba ya bari kowa ya taɓa, ya goge murfin a hankali, ya bi wayoyin filogi ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. "Murza, ɗana." Injin ya yi tari sau biyu ya kama. Aikin bai kai a sha kofin shayi ba, kuma yaron ya koyi abin da zai ci abinci da shi har tsufansa.

Akwai kuma abin da baƙin direbobi ba sa ganewa. Mutum zai taso daga ƙasa motarsa na ja lafiya lau, ya iso Nguroje ya ji ta yi sanyi, tana fitar da baƙin hayaƙi, sai ya fara zargin man da ya sha a Serti. Ba laifin mai ba ne. Iskar sama ba ta kai ta ƙasa kauri ba, injin da ba shi da tabo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau. Kafin ka iso wajenmu ka yi asarar fiye da kashi 10. Mai kafireto kuma fetur ya rinjayi iska, filogi ya yi baƙi. Makanikanmu sun san wannan da kunne, sukan ɗan rage mata mai su saita ta daidai da dutse.

Hirar hanya kuwa ba ta ƙarewa, domin hanyar ɗaya ce kuma kowa na da tabonta. Daga Jalingo ka bi ta Bali, ka wuce Serti, ka iso Mayo Selbe a gindin dutse. Nan kowa ke tsayawa ya duba ruwan lagireto, ya taɓa tayoyi, mai salla ya yi, sannan a fuskanci hawan. Kwana bayan kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun, ga wurin da ake kira Biyu da Sisi, wanda ko tsohon direba ba ya raina shi. Da damina hazo kan sauko ya rufe hanya har ka daina ganin bakin motarka, sai ka kunna fitila da rana tsaka, kana tafe kana danna oda a kowace kwana. Wani lokacin ƙasa ta zaftaro ta tare rabin kwalta.

Amma mu mun fi tsoron gangara. Dokar da kowane uban gida ke fara koya wa yaronsa ita ce, giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Wanda ya saki mota ya dogara da birki, tun bai kai rabi ba birkin zai yi zafi, ya fara wari, ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa babu komai. Mun rasa mutane ta haka, mutanen da muka sha shayi da su a wannan rumfar. In aka zo nan a hira, murya kan sauka, a yi musu addu'a, sannan wani dattijo ya juya ga samarin acaɓa ya ce, "Kun dai ji. Ku ma ku daina kashe inji a gangara don tsimin mai."

Kwalta iyakarta Gembu da 'yan wurare. Daga nan sai laka, kuma a nan ne sanduna biyun nan da ke gefen giya suke aikinsu. Mai rawayan kai, in ka danna ta, ƙafafu huɗu duka sun kama. Mai jan kai, in ka jawo ta baya, motar ta koma tafiyar hawainiya amma da ƙarfin da za ta fita daga ramin da ya kai gwiwa. In abin ya faskara a ɗaura wa tayoyi sarƙa, fasinja su sauko, maza su naɗe wando su tura. Ba a jin haushin wannan a nan, kowa ya san da shi ya biya kuɗin mota. Bayan an tsallake rafi kuma direban kirki ba ya ƙara wuta nan take, yakan ɗan riƙa taɓa birki yana tafiya har ruwan da ya shiga ya bushe.

Duk wannan hirar da kofi a hannu ake yin ta, kuma a nan ne Kawu ke shigowa. Kawu manomi ne daga wajen Kusuku, ba shi da mota, amma ya fi kowa biyan kuɗin lodi. Shayi ba ya da abin cewa a kansa, don ganyen Kakara namu ne, tun shekarun 1970 ake noma shi a can, ana sarrafa shi da sunan Highland Tea. Abin da ke ci masa rai shi ne ya ga direba ya ce a zuba masa garin gahawa na gwangwani don kada barci ya ɗauke shi a hanya.

"Yaro, ka san abin da kake sha? A bayan ɗakina akwai uwarsa. Ubana ya dasa."

Ba ƙari ya yi ba. Gahawar Arabika, wadda asalinta daga tsaunukan Habasha ne, ba ta son zafi, tana son tudu da sanyi da ruwa, kuma wurare kaɗan ne a Najeriya suka dace da ita kamar nan. Cibiyar binciken koko ta ƙasa ma tana da reshe a Kusuku saboda shayi da gahawa. Iyayenmu sun noma ta sosai, kamar yadda maƙwabtanmu na Kumbo da Bamenda suke yi a hayin Kamaru. Sai aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, manomi ya rasa tabbataccen mai saye. A 1989 kuma yarjejeniyar da ke riƙe farashin gahawa a duniya ta watse, farashi ya faɗi warwas. Mutane da yawa suka sare bishiyoyinsu suka shuka masara ko zaiti, kuma ba wanda zai zarge su, iyali ba sa cin ganye.

Kawu bai sare nasa ba. Ya taɓa kai mu muka gani: bishiyoyi a inuwar ayaba, da ruwan farko su yi farin fure mai ƙamshi, 'ya'yan su fito kore, sai wajen ƙarshen damina su nuna su yi ja. Ja kaɗai ake tsinka, da hannu, shi ya sa bishiya ɗaya sai an koma mata sau da yawa. A murje ɓawon, a jiƙa ƙwayar ta kwana don santsin ya saki, a wanke, a shanya. Shanyar ita ce wahalar, domin ruwan da ya raini bishiyar shi ne kuma ke hana ƙwayar bushewa. Yini ake ana shimfiɗawa ana kwashewa, ido na sama. In danshi ya kama ta ta yi fumfuna, aikin shekara ya tafi. Sabon dashe kuma sai ya shekara uku ko huɗu kafin ya ba ka komai.

Abin da ke damuna, kuma na faɗa a majalisa ba sau ɗaya ba, shi ne mu da muka iya riƙe motar da kamfaninta ya daina ƙera irinta, muka hana ta mutuwa da walda da haƙuri, mun bar bishiyar da ƙasarmu ta dace da ita tana tsufa ba mai sabunta ta. Yaran garejin Baba sun fi goma. Kawu kuwa ba shi da matashi ko ɗaya da ke koyon yadda ake yi wa gahawa aski.

Alhaji ne ya fara kawo shawara mai amfani. Ya ce a Makka ya sha gahawa da dabino, ba madara, kuma bai ga abin da zai hana mu sha tamu ba. Aka yi da mai shayi cewa duk ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai dafa ta gida, in dai an kawo masa ita a soye a dake. Kawu ya ɗauki nauyin mudu biyu daga girbin bana, iyalinsa za su soya a kasko su daka a turmi. Direban da ke bin hanyar Kusuku ya ce shi zai riƙa ɗaukowa ba ko kwabo, Malam kuma zai tambayi ɗalibansa ko akwai masu son zuwa gonar Kawu ranar Asabar. Abin da ya rage ba a daidaita ba shi ne citta: Baba ya ce in ba a saka ba shi ba zai sha ba, Kawu ya ce duk wanda ya zuba wa gahawarsa citta kafin ya ɗanɗana ta zalla, kada ya ƙara tambayarsa ko ƙwaya ɗaya.