Ya Fara Turowa Kuwa?

Mu dai a nan, daga Birnin Kudu har Gwaram, in aka ce ɗan gidan wane ya tafi karatu waje, tambaya biyu ce ke biyo bayan "Allah ya sa albarka". Ta farko, wace ƙasa? Ta biyu sai an yi wata uku ko huɗu ake yin ta, murya ƙasa-ƙasa, a ƙofar masallaci ko wurin mai shayi: ya fara turowa kuwa? Ba mu cika tambayar abin da yake karantawa ba, balle irin bizar da aka ba shi.

Ba mugunta ce ta sa ba, haka muka tashi. A wurinmu karatu da nema tare suke tafiya. Almajiri in ya je gabas, da rana ɗinkin hula, da dare allo. Ɗan sakandare in an yi hutu yana gona, ko yana awon riɗi a kasuwar Sara. Wanda ke jami'a a Dutse, ƙarshen mako za ka gan shi kan babur yana ɗaukar fasinja. Ko labarin Aliko Ɗangote, wanda ya yi kwalejin gwamnati ta nan Birnin Kudu kafin ya wuce Azhar a Masar, abin da muka fi maimaita wa yara shi ne tun yana firamare yake sayen kwalin alewa yana sayarwa. To yaro ya sauka inda ake biyan aiki da fam, a lissafinmu zaman me zai yi?

Kwanakin baya maganar ta tashi a majalisarmu bayan la'asar. Wani dattijo da ɗan ƙaninsa ke digiri na biyu a Ingila ya zo ransa a ɓace. Ya kira yaron kan kuɗin taki, yaron ya ce a yi masa haƙuri sai hutu.

"Malam, ka ji fa," in ji shi, yana fuskantar tsohon malamin makarantar da ke cikinmu. "Yaron da aka yanka ragon sunansa a gabana. Wai awoyinsa sun cika. Yau aiki har cika yake yi?"

Malam ya gyara zama, ya ce, "Alhaji, wallahi cika yake yi. Kada ka saɓa masa."

Gaskiyar Malam ce. Ɗalibin digiri a Ingila awa 20 a mako aka yarje masa ya yi aiki muddin ana zangon karatu, sai an yi hutu ne zai yi cikakken aiki. Wanda karatunsa bai kai digiri ba, awa 10. Makon ma daga Litinin ake ƙirga shi zuwa Lahadi, kuma ba a rance: ba ka yin 10 wannan makon ka ce za ka rama da 30 a na gaba. Malam ya jawo wayarsa ya buga wa Alhaji lissafi a gabanmu. A 2025 mafi ƙarancin ladan awa ɗaya ga mai shekara 21 zuwa sama fam 12.21 ne. Awa 20, fam 244 ke nan a mako, a mako huɗu bai kai fam 1,000 ba. Ita kuwa gwamnatin ƙasar da kanta, a farkon 2025, fam 1,136 ta ƙiyasta wa ɗalibin da ke wajen Landan a kowane wata, na haya da ci kawai, ban da kuɗin makaranta.

Alhaji ya karɓi wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya daɗe yana duban lambobin. Can ya ce, "Ashe shi ma rufin asiri yake nema."

Matsalarmu ita ce da naira muke yin wannan lissafin. In muka ji fam 244, sai mu juya shi, mu ga dubban ɗaruruwa, mu ga buhunan taki da ragon layya, mu manta cewa da fam yake biyan ɗaki, da fam yake hawa bas zuwa gidan tsofaffin da yake kwana yana juya su a gado, ko sito inda yake tsaye yana jera kwali har asuba, sannan ya wuce aji. Waɗannan su ne ayyukan da yaranmu suka fi samu a can. Ba sa faɗa mana, domin hoton da suke turowa a WhatsApp na ranar da suka sha kwalliya ne a gaban ginin jami'a.

Abin da ya fi ɗaure wa majalisar kai ba awoyin ba ne. Wani matashi ya ce ai da sauƙi, a aika masa da huluna da turare ya riƙa sayar wa 'yan uwa a can, tunda wannan ba aikin kowa ba ne, nasa ne. Nan ne fa tarkon yake. Bizar ɗalibi a Ingila ta hana sana'ar kai da kasuwanci ɗungurungum. Ya yi wa wani aiki a biya shi albashi, an yarda, cikin awoyinsa. Amma ya sari kaya ya sayar don riba, ko ya hau keke yana kai abinci a matsayin mai zaman kansa, ya karya sharaɗi ko da awa ɗaya ce. Ga Bahaushen da saye da sayarwa ke cikin jininsa, wannan doka tana da nauyi, kuma ni ma ina jin nauyinta. Sai dai ba mu muka rubuta ta ba, kuma yaron ya sa hannu a kanta kafin ya hau jirgi.

Sauran ƙasashen kowace da nata awon. Kanada awa 24 a mako tun Nuwamban 2024. Jamus da kwana take ƙirgawa, cikakkun kwanaki 140 a shekara. Amurka ta fi tsauri: awa 20 ɗin ma a cikin harabar makaranta ne, fita waje sai da izini, kuma yawanci sai aikin ya shafi abin da kake karantawa. Ɗalibin musaya, wanda aka kai a kan bizar J-1, sai mai kula da shirin ya amince masa a rubuce kafin ya taɓa aiki, kuma in gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa, akan wajabta masa komawa gida ya yi shekara 2 kafin ya nemi bizar aiki ko ta zama.

Mafi yawan yaran yankinmu ma ba can suke ba. Gwamnatin Jigawa ta kai ɗalibai karatun likita ƙasar Sin a zamanin Gwamna Badaru. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka kwaso namu daga Khartum, daga baya gwamnatin Umar Namadi ta kai ɗalibai jami'ar Near East da ke arewacin tsibirin Saifurus. Maƙwabtanmu na Kano sun tura nasu Indiya a 2023. Bizar ɗalibi a Indiya ba ta aiki ba ce. A Sin sai makaranta ta yarda, hukumar shige da fice ta rubuta a takardar zamanka. Ɗalibin likita kuwa, ko an sake masa mara, ina ya ga lokacin? Amma mu duk "waje" muke kira, kuma duk buƙata ɗaya muke aikawa.

A cikin gida ma haka ne. Inna ba ta tambaya kai tsaye. Saƙon murya take yi, ta yi gaisuwa mai tsawo, ta sa albarka, sannan ta ambaci cewa an sa ranar ƙanwarsa kuma ba a gama haɗa kayan ɗaki ba. Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya jin wannan ya yi barci. Washegari zai je ya roƙi ƙarin dare biyu. Abin ya ƙara tsanani tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin da iyaye suka tara na shekara ya koma na 'yan watanni. A 2024 ɗin ne jami'ar Teesside da ke Ingila ta dakatar da wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, har aka umarce su su bar ƙasar.

Matashin nan bai saduda ba. Ya ce, "Baba, kowa fa yana wuce awoyin nan, ba a kama kowa ba."

Malam ya ce, "Ɗana, wa ke ba su aikin?"

Tun Fabrairun 2024, mai kamfanin da aka kama ya sa wanda ba shi da izini aiki a Ingila, tararsa tana kaiwa fam 45,000 a kan mutum ɗaya a karon farko. Mai gaskiya ba zai sayi wannan rigimar ba. Zai duba bizarka, ya nemi jadawalin zangon makarantarka, ya biya ka ta banki, hukumar haraji ta ga kowace awa. Wanda zai ba ka aikin ɓoye shi ne mai biya a hannu, ƙasa da ƙa'ida, kuma ranar da ya riƙe maka ladan mako biyu ba ka da bakin kai ƙara, domin ƙararsa ƙarar kanka ce. In kuma asiri ya tonu, bizar ake sokewa, karatu ya tsaya a tsakiya, gonar da aka sayar aka biya kuɗin shekarar farko ta tafi, kuma laifin yana nan a rubuce duk ranar da ya sake neman biza.

Alhaji dai ya ce zai ɗauki takin bashi wurin dila zuwa kaka, kamar yadda ya yi bara.