Kowa da Irin Rubutunsa a Zauren Lacca

Idan kana son sanin halin ɗalibi, kada ka tambayi iyayensa, su a gida kawai suka san shi. Bari malami ya shigo zauren lacca ya fara bayani, sannan ka dubi abin da hannun kowa yake yi.

Na layin gaba shi ne magatakarda. Wannan bawan Allah ya yi wa kansa alkawari babu kalmar da za ta fito daga bakin malami ta faɗi ƙasa. Malami ya ce "to", ya rubuta "to". Malami ya ba da labarin yadda motarsa ta mutu a hanya, shi ma ya shiga littafi, har da abin da bakanike ya ce. Shi ne mai ɗaga hannu ana tsakiyar bayani: "Malam, don Allah a maimaita daga wajen 'saboda haka'." Ba tambaya gare shi ba, jimla ce ta kuɓuce masa. In an fito ka ce me aka koyar yau, sai ya ce bari ya duba, domin kunne da hannu sun yi aikinsu ba su sanar da ƙwaƙwalwa ba. Ƙanensa na zamani da kwamfuta yake zuwa, ya fi shi sauri, ya fi shi shiga uku. A 2014 wasu masu bincike a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, sun gwada masu rubutu da hannu da masu bugawa a kwamfuta. Masu kwamfuta sun fi tara kalmomi da kwafe maganar mai lacca yadda take, amma da aka zo tambayoyin fahimta sai masu biro suka yi gaba. Hujjar masu binciken ita ce hannu ba ya iya kamo baki, dole mai shi ya zaɓi abin da zai rubuta, zaɓin nan kuwa shi ne tunanin. Wasu da suka sake gwajin daga baya ba su ga tazarar ta kai haka ba. Magatakarda dai ya riga ya nuna cewa ko da biro ana iya guje wa tunani, in an dage.

Kusa da shi akwai gimbiya mai biro kala huɗu da rula. Kan magana ja, ma'ana shuɗi, misali kore. A aji a wata takarda take rubutawa, da dare ta kwafe cikin babban littafi mai bango, wanda ya fi akwatin lefe tsari. Ba ta ba da aronsa, ita ma da ƙyar take buɗe shi kada ya yi datti. Idan ta tashi shafa wa muhimman wurare launi, sai ta shafe shafin daga sama har ƙasa, don a wajenta duk abin da ta sha wahalar rubutawa muhimmi ne.

Mai waya kuwa bai da wata doguwar hidima. Malami na cika allo ya miƙe ya ɗauki hoto, rabinsa kan na gabansa ne. Hotunan suna nan tsakanin na biki da na talla, har ranar da waya ta ce ta cika, ya share su ya bar na bikin.

Sai ɗan fotokwafi, wanda ba a ganinsa sai jarrabawa ta rage mako biyu. A lokacin gaisuwarsa ke tsawo. "Mutumina, ya gida, ya su Hajiya? Don Allah not ɗin nan naka, yanzun nan zan dawo maka da shi." Yanzun nan ɗin kwana uku ne, littafin kuma ya dawo da tabon manja. Abin da yake karantawa kwafin kwafi ne, gefen hagu ya yanke, layin ƙarshe ya zama baƙi ƙirin. Idan mai littafin ya yi kuskure wajen rubuta shekara, kuskuren ya zama gadon aji guda, malami ya zauna yana mamakin yadda mutum talatin suka haɗu a kan ɓata ɗaya. Ɗan fotokwafi yakan ɗauki tarin takardun ya auna nauyinsu a hannu, ransa ya yi fari, shi a ganinsa tun da ya biya kuɗin takarda ilimin ya zama nasa.

A can baya akwai mai harɗe hannu. Ko biro bai zo da shi ba. Ka tambaye shi, ya nuna goshinsa ya ce, "Yana nan." Da gaske yana nan, zuwa azahar. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus, wanda ya yi ta haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana gwada kansa, ya nuna cewa mantuwa ta fi ɓarna a sa'o'in farko, daga baya take sassautawa. Mutumin namu bai yarda ba, shi dai malami ne ya kawo abin da bai koyar ba a jarrabawa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mafaraucin tsari, domin shi niyyarsa mai kyau ce. Ya san komai game da rubutun lacca, ban da laccar kanta. Wannan makon yana kan tsarin Cornell, wanda Walter Pauk ya fito da shi a jami'ar da ke da wannan suna a shekarun 1950: a ja layi a bar siririn fili a hagu don tambayoyi, babban fili a dama don bayani, ƙasan shafi kuma don taƙaitawa. Ya kwana yana jan layi a littafi guda cif. Dama ta cika, hagu da ƙasa kuwa fayau, alhali nan ne aikin yake, don Pauk so yake ka rufe dama, ka dubi tambayar hagu, ka amsa da ka. Mako na gaba ya koma taswirar tunani irin wadda Tony Buzan ya yayata a Ingila a shekarun 1970, ya zana da'ira a tsakiya da rassa ko'ina, har reshe guda ya tsallaka shafin wani darasin. Daga nan ya ji labarin Niklas Luhmann, masanin zamantakewa na Jamus da ya tara ƙananan katuna kusan 90,000, sai ya yanka kwali ya cika leda. Ya manta Luhmann shekaru da dama ya yi yana komawa katunansa yana haɗa wannan da wancan. Jarrabawa ta zo ta tarar da darasi guda a tsari uku, babu wanda aka kai ƙarshe.

Akwai kuma wani da ba a cika lura da shi ba. Littafinsa ba abin nunawa ba ne: gajerun layuka, kibiya nan, alamar tambaya can, wani wajen Hausa, wani wajen Turanci. Yawanci ya yi makarantar allo, inda ake rubutu don a haddace, a biya wa malam, sannan a wanke, ba wanda ke ajiye allo cike ya ce ya yi karatu. Bayan isha'i sai ya buɗe abin da aka yi a ranar, ya rubuta tambayoyi a gefe, ya kife littafin yana amsawa shi kaɗai, abokan ɗakinsa suna zaton waya yake. Inda ya kasa ya sa alama, bayan kwana biyu ya sake dawowa. Ka ce masa wane tsari yake bi, sai ya yi zaton zolayarsa kake.

Shi ma ɗan fotokwafi ya taɓa aron littafinsa, amma a ranar ya dawo da shi, rai a ɓace. "Haba mutumina, wannan ai tambayoyi ne zalla, ina amsoshin?" Bai jira jawabi ba ya wuce neman na magatakarda, ya biya kuɗi aka kwafe masa shi duka, har da labarin bakanike.