Ranar da Madubin Kawu Ya Yi Layar Zana

A kowane dangi akwai mutum ɗaya da aka yanke wa hukuncin sanin kwamfuta. Ba a neman ra'ayinsa, ba a kuma ɗaukaka ƙara. A danginmu ni ne. Tun da aka gan ni na dawo wa Gwaggo da lambobin wayarta da suka goge, sunana ya shiga bakin 'yan uwa, har ta kai ko firji ne ya daina sanyi ni ake kira.

Shi ya sa da Kawu ya aiko in zo in duba babbar kwamfutar situdiyonsa na ɗaukar hoto a Kano, ban tsaya musu ba. Da Linux take aiki, kuma wanda ke kanta ya tsufa. Shekara biyar masu shi ke ba irinsa kulawa kyauta, wa'adin kuwa ya wuce tuntuni. Yaron da ya haɗa ta tun farko ya tafi ci-rani Legas, lambarsa kullum a kashe. Gadon da ya bari shi ne wata 'yar takarda da ya manna a jikin akwatin, an rubuta md0, sai kuma magana ɗaya da Kawu ya haddace: akwai madubi a ciki, ko faifai ya mutu hoto ba zai salwanta ba.

Yaron bai yi ƙarya ba. Faifan ajiya uku ne a cikin akwatin. Ƙaramin yana ɗauke da Linux, manyan biyu kuma, kowanne terabayit 4, su ke riƙe da hotunan jama'a. Ƙaramin kaɗai zan share in zuba sabon tsari, manyan ko kallon banza ba zan yi musu ba. Kawu ya ce in fahimtar da shi yadda madubin yake tukuna. Da yake mata biyu gare shi, bayanin bai ba ni wahala ba.

"Kawu, in ka sayo wa Uwargida atamfa, sai me?"

"Sai in sayo wa Amarya irinta mana. Launi ɗaya, yadi ɗaya, rana ɗaya, in dai ina son in kwana lafiya."

"To haka faifayen nan suke zaune. Duk hoton da aka ba ɗaya, a take ake ba ɗayan."

Ya gyaɗa kai ya ce ashe kwamfuta ma ta san adalci. Muna jiran sabon tsarin ya gama shiga, na ga dama ta samu, na gyara zama na shiga yi masa lacca. Na ce wannan dabara RAID ake kiranta, kuma wasu masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, su suka jera matakanta a wata maƙala a 1988, madubi shi ne mataki na 1. Kafin in kai ƙarshe Kawu ya fara gyangyaɗi. Da tsarin ya tambayi sunan da za a raɗa wa kwamfutar, na rubuta situdiyo, na ci gaba.

Ta tashi tsaf, fuska sabuwa fil. Kawu ya farka ya ce Masha Allah, ya aika a kawo mini lemo mai sanyi. Na buɗe wurin da hotuna suke zama. Wayam. Na rufe na sake buɗewa, wai ko kunya ce ta hana su fitowa. Hotunan biki da na suna da na saukar Alƙur'ani na shekara da shekaru, babu ko na fasfo guda ɗaya. Lemon ya iso, na kasa haɗiyarsa.

Ana wata ga wata. A daidai wannan lokaci wata mota ta tsaya a ƙofa, Hajiya uwar amarya ta shigo da ƙamshin turarenta. Ta zo karɓar albam da bidiyon bikin 'yarta, tun daga kamu har buɗar kai, kuɗi kuma ta biya tas tun kafin a ɗaura aure.

"Alhaji, yau dai ba zan koma hannu rabbana ba. Dangin ango sun dame ni."

"Zauna, Hajiya, zauna. Ɗan 'yar uwata ne ke ɗan goge-goge a ciki. Ko ba haka ba, ɗan nan?"

Na ce haka ne, da wata murya da ni kaina ban san ina da ita ba.

Labari a layin shaguna ba ya bukatar data. Kafin ka ce kwabo, situdiyo ta cika da masana. Mai gyaran waya na gefe, wanda kowa ke kira Injiniya, shi ya fara shigowa yana naɗe hannun riga. Maganinsa ɗaya ne ga kowace cuta, tun daga wayar da ta faɗa ruwa har wadda jaki ya taka. Ya leƙa allon, ya ga faifai biyu sun bayyana amma sun ƙi buɗuwa, ya ce, "Wannan ai fomatin yake so. A yi masa fomatin kawai, zai dawo hayyacinsa." Na ga hannunsa ya nufi linzamin kwamfutar. Ban san lokacin da na kife a kan tebur na rungume shi ba, lemo ya tuntsire a kan rasit ɗin Hajiya. Tsohon telan da ke ƙarshen layi ya girgiza kai ya ce shi dai tun yana yaro aka hana shi wasa da madubi in Magariba ta kawo jiki. Mai shayi ya ce a kashe a kunna. An kashe an kunna, har da bismilla, babu abin da ya sauya.

Na roƙi kowa ya ja da baya taku biyu, na buɗe baƙar tagar nan da ake rubuta umarni. A Linux akwai wurin da ake jin lafiyar irin wannan madubi, /proc/mdstat. Na tambaya, babu ko ƙamshinsa. Na rubuta lsblk -f don a jero mini duk faifan da ke cikin akwatin. Nan numfashina ya fara dawowa. Ga su nan su biyu, kowanne da tambarin linux_raid_member, lambar shaidarsu iri ɗaya. Ashe suna nan daram, mai raba musu kayan ne ba ya gida.

Madubin namu na manhaja ne, ba wani kati aka soka a cikin akwatin ba. Wata 'yar manhaja mai suna mdadm, wadda wani ɗan Ostareliya, Neil Brown, ya rubuta, ita ke tattara faifayen duk sanda aka kunna kwamfuta ta miƙa su a matsayin abu ɗaya. Tsohon tsarin yana da ita domin yaron Legas ya sa ta. Sabon kuwa na tebur ne, ba a haɗo shi da ita ba, sai mai bukata ya sauke da kansa. Su kuma faifayen ba sa buɗuwa ɗai-ɗai yadda filash ke buɗuwa, saboda a kusa da farkon kowanne, bayan kilobayit 4, takardar shaidar madubin ce a rubuce, hotunan suna can gaba.

Saukar da mdadm ba ta kai nauyin hoton amarya ɗaya ba, amma sabis a cikin situdiyon Kawu sai a bakin taga. Haka aka ɗora yaron shago a kan kujera, ya ɗaga wayata sama da hannu biyu, mai shayi na ba shi umarnin ya ɗan karkata gabas.

Injiniya bai haƙura ba. Ya lalubo wani umarni a wayarsa ya karanto da ƙarfi, mdadm --create, ya ce shi ne maganin. A wannan gaɓa ce mutane da yawa ke yin asarar da babu gyara. Wannan umarni sabon madubi yake ƙullawa, ya rubuta sabuwar shaida a kan tsohuwa, kuma in ma'aunin da aka ba shi ya saɓa da na farko, yana iya bi ta kan kayan da ke ciki. Abin da ake bukata shi ne --assemble, wanda ba ya ƙirƙirar komai, abin da ke nan kawai yake haɗawa. Kafin shi ma sai da na duba kowane faifai da --examine, na ga ƙidayar da ke nuna inda kowanne ya tsaya ta zo daidai, wato babu wanda aka bari a baya. Na haɗa su. Na nemi md0 kamar yadda takardar jikin akwati ta ce. Kwamfuta ta ce ba ta san shi ba.

Hajiya ta miƙe ta gyara mayafi. "Alhaji, in kira Baban amarya ne?"

Kawu ya dube ni da wani irin kallo da ya tuna mini cewa shi ya yanka ragon sunana. Na koma /proc/mdstat da hannu na rawa. Sai ga wani baƙon suna, md127, a gabansa haruffa biyu, UU, alamar faifai biyun duk suna raye suna aiki. Da ɗaya ya faɗi, da ɗan layi za a gani a gurbinsa.

Dalilin sauya sunan shi ya fi ba ni dariya daga baya. Madubi yana riƙe da sunan kwamfutar da aka ƙulla shi a kanta. Yaron Legas masoyin Kano Pillars ne, wato Masu Gida, don haka pillars ya raɗa wa tsohuwar, madubin kuma ya zama pillars:0. Da sabon tsarin ya ga sunan bai dace da situdiyo ba, kuma babu bayaninsa a fayil ɗin mdadm.conf, sai ya ɗauke shi baƙo. Baƙi kuwa ba a ba su lamba daga 0, daga 127 ake faro musu a yi ƙasa. Masu Gida guda, a tsakiyar Kano, an zaunar da su a layin baƙi.

Na buɗe shi ta yadda za a iya kallo kawai ba a iya taɓawa. Hotuna suka zubo, dubbai. Mai shayi ya yi kabbara, tela ya ce dama ya san ba za su wuce Isha'i ba, Injiniya ya ce da an yi fomatin da tuni an gama. Hajiya ta matso ta sa tabarau, ta bi hotunan kamu ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya a kan wanda aka ɗauke ta tana tsakiyar cin nama, gwaggwaro ya karkace.

"Wannan kam da ma shi ya ɓata."

Bayan an watse na rubuta madubin a mdadm.conf, na sabunta initramfs don a gane shi tun farkon tashi, a fayil ɗin fstab kuma na kira shi da doguwar lambarsa ta UUID, wadda ba ruwanta da 0 ko 127. Na kashe na kunna, ya fito da kansa. Na cire tsohuwar takardar na manna sabuwa mai cikakken bayani, saboda wanda za a yanke wa hukuncin a bayana.

Sannan na gaya wa Kawu gaskiyar da yaron Legas bai faɗa masa ba. Madubi mutuwar faifai ɗaya kaɗai yake karewa. In aka goge hoto bisa kuskure, a duka biyun yake gogewa, adalcin bai bar wannan ba. In wuta ta dawo da ƙarfi ta ƙona akwatin, ko ɓarawo ya sungume shi, duka biyun sun tafi. Dole a sami faifai na uku da za a riƙa kwafe kaya a kai, a ajiye shi nesa da shago.

Kawu ya yi na'am. Kuskuren wuri kawai aka samu, domin sai da ya koma gida ya zauna a tsakar gida ya kira ni, da muryarsa ta mai magana da kurma.

"Ɗan nan, na yi tunani, shawararka ta yi. Biyun nan ba za su isa ba, zan ƙara ta uku. Ka nemo mini mai kyau, sabuwa dal, ko nawa ne. A wata unguwa za a ajiye ta, kada waɗannan su san inda take."

Washegari da sassafe Uwargida da Amarya, waɗanda rabon da su shiga Keke ɗaya tun bikin ƙanwar Kawu, suka sauka tare a ƙofar gidanmu, suna tambayar mahaifiyata ko ina ciki.