'Yan Ƙungiyar Daina Ciye-ciye na Ƙofar Kibo

Tun da hawan jini da ciwon suga suka zama hirar kowace majalisa a birnin Zariya, aka samu wata ƙungiya marar shugaba marar rajista: masu rantsuwar cewa daga yau sau uku kacal za su ci abinci, babu ƙwalama a tsakani. Niyyar dai babu laifi. Sai dai a Ƙofar Kibo ake ƙulla ta, inda da la'asar duk lungun da ka shiga akwai abin da ke cuwwa a kasko. Ga 'yan ƙungiyar.

Na farko shi ne Malam Daga-Litinin. Shi ba ya fara abin kirki a tsakiyar mako. Litinin ta zo, sai ya tuna ana suna a maƙwabta, ya ɗage zuwa 1 ga wata. Daga nan sai bayan ƙaramar Sallah, idan cincin ya ƙare, sai kuma bayan babba, don wane mai hankali ne zai fara tsari alhali soyayyen naman layya na cikin tukunya? Kuma duk ɗagewa sai ya yi walimar bankwana da tsire.

Na biyu lauyan ciki. Wannan bai taɓa karya doka ba, fassara ta kawai yake yi. Rake ruwa ne, tunda ana tofar da ɓawon. Fura abin sha ce, ko da sai an sa ludayi an yanko ta. Gyaɗa motsa baki ce, dabino sunna ne, zoɓo mai suga cokali biyar kuma magani ne. Ka matsa masa, ya ce ai magabata sun faɗa, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Na uku shi ne wanda ba shi da lokaci, kuma ya fi kowa ban tausayi. Zai fita da sassafe zuwa aiki Samaru ko Shika, uwargida na cewa “Malam, ga koko fa,” yana cewa ya makara. A Ƙofar Doka, kafin mota ta cika, ya karɓi ƙosai a leda. A Kwangila mai dafaffen ƙwai ta miƙo ta taga, ya ɓare biyu ya barbaɗa yaji. A ofis akwai kwalbar gyaɗa a durowa, ƙarƙashin fayil. Kan hanyar dawowa ga gasasshiyar masara. Ya shigo gida ya zube a tabarma yana cewa, “Wallahi yau ban sa komai a cikina ba.” Kuma har zuciyarsa ya yarda, don a lissafinsa abin da aka ci a tsaye ba ci ba ne. Ɗan'uwansa shi ne telan cikin gari a goman ƙarshe na azumi: ya sha ruwa, ya hau keke, daga nan har asuba hannu ɗaya na kan yadi, ɗaya na cikin ledar aya.

Ta huɗu Hajiya Mai-jin-gishiri. Ita ba ta ci, ɗanɗanawa take yi. Za ta ji gishirin miya, ta ji na wake, ta duba ko awarar farko ta soyu, ta sake duba ta biyu don ta tabbatar. Yara suka rage abinci ta share kwanon, don almubazzaranci haramun ne. An zo cin tuwon dare ta ce ita kam ba ta da cin abinci, ba ta san daga ina ƙibar nan take zuwa ba.

Na biyar ɗan zumunci. Kowa ya san idan aka ce maka “bismillah” kana iya cewa “alhamdu lillahi” ka wuce. Shi bai taɓa wucewa ba. Alkakin biki, wainar suna, alawar ɗaurin aure, duk yana karɓa don kada a ce ya mayar da hannun kyauta baya.

Na shida mai wa'azi. Ya kalli bidiyo biyu a TikTok, yanzu ba ka isa ka tsotsi goriba a gabansa ba. Bayan isha'i za ka same shi wurin mai balangu ya juya wa titi baya. Kuka haɗa ido ya ce, “Na yara ne.” Ga kuma maiƙo a leɓensa.

Na ƙarshe shi kaɗai ya cika alkawari: ma'aikacin da albashinsa ya ƙare tun 15 ga wata. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mabiyansa ke ƙaruwa, ba tare da shawarar likita ba.

Duk wanda ke son tsarin nan ya ɗore, ya zauna ya karya kumallo ya ƙoshi kafin ya fita, ya riƙe gorar ruwa, ya daina shela a majalisa. Mai shan maganin suga kuma kada ya ja yunwa sai ya tambayi likitansa, don suga na iya faɗuwa. Sauranmu kuwa, kowa ya duba jerin nan ya ɗauki lambarsa, ba sai an nuna shi da yatsa ba.