Ɗago Kai Mana, Alhaji, Ga Mai Saye

Na ga wasunku sun fara taɓe baki tun daga take. Wai ga wani ya zo zai raba mu da waya, alhali da ita muke ci. Ku kwantar da hankalinku, mutanen Funtuwa da Malumfashi, ba wanda zai ƙwace muku komai. Tambaya ɗaya na zo da ita: daga asuba zuwa isha'i, minti nawa wayar ta yi maka aiki, awa nawa kai ka yi mata?

Ga Alhaji mai hatsi can ya gyara hula, zai ba ni amsa. "Malam, ka manta 2021 ne?" Ina fa zan manta, Alhaji. A watan Satumba na shekarar, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume da Faskari. Masu POS suka naɗe lema. Mutum sai ya biya kuɗin mota ya tafi neman inda sabis yake, don kawai ya ji ko kayansa sun isa Legas. Da aka shiga wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 kuwa, har mai ƙosai sai da ta koyi karɓar tiransifa. Duk na yarda. Wanda ya ce a yi kasuwanci yau ba waya, bai taɓa sayar da ko tiya ɗaya ba.

To amma, Alhaji, tsakaninka da Allah, me ka rasa a watannin da aka katse layukan? Kiran dillalinka na Dawanau, alat na banki, da jin inda direba ya kwana. Haɗa su duka, ba su cika rabin awa a yini ba. Farashin masara kira ɗaya ne, minti biyu. Sauran awannin da kake sunkuye a kan benci kana murmushi kai kaɗai, farashin wane hatsi kake dubawa? Ko waken suya ne ya koma rawa a TikTok ban ji labari ba?

Ku shiga layin masu maganin feshi da taki a farkon damina ku tsaya ku kalla. Manomi ya taho daga ƙauye da kuɗinsa a ƙulle, ya yi sallama. Yaron shago na zaune a kan buhun yuriya, abin sauraro a kunne ɗaya, babban yatsa na ta share gilashi. "Yaro, maganin ciyawa nake so." Bai ɗago ba, ya miƙa hannu baya ya zaro kwalba. Bai tambayi gonar mece ce ba, bai tambaya ko shuka ta fito ba. Alhali nan ne duk sana'ar take. Akwai maganin da ake fesawa kafin shuka, wanda ba ya barin komai kore. Ka zuba shi a kan masarar da ta tsiro, ka gama da ita. Akwai mai kashe ciyawa mai faɗin ganye, masara da shinkafa su tsira, amma auduga da waken suya su murɗe su lalace. Tambaya biyu ke raba waɗannan, kuma tambayar ba ta fitowa daga bakin wanda ke jiran ya ga yadda ta ƙare tsakanin Arsenal da Chelsea. Bayan mako biyu manomin zai dawo da ganyen a hannu. Daga ranar shagon ya rasa shi, ya rasa 'yan garinsu, domin a majalisa za a ba da labarin. Sai maigida ya fara cewa an yi wa shagon asiri. Asirin na nan a aljihun yaronka, Alhaji, kai ka saya masa ma.

Yanzu kuma ga ƙannena 'yan mainin sun miƙe. "Yaya, ai mu a cikin wayar muke neman kuɗin." Sannunku da aiki. Na san za ku ce Notcoin ya fashe a watan Mayun 2024, kuma wasu sun samu, ban musa ba. Sai me ya biyo baya? Gari ya ɗauka. Tela ya ajiye keke, mai faci ya bar taya a buɗe, kowa na dannar ɓera a Hamster Kombat dare da rana. Da watan Satumba ya zo aka raba, da yawa abin da suka samu bai biya kuɗin data da cajin da suka kashe ba. 'Yan Pi kuwa tun 2019 suke latsawa, har da masu rantsuwa cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159. An yi cinikin motoci da filaye a baki. Da Pi ɗin ya shiga kasuwa a watan Fabrairun 2025, ko dala 5 bai kai ba. Ƙanena, watannin da ka ba ɓeran nan, da kaji ka ba, da yanzu kana sayar da ƙwai.

Kada ka ji haushi, ba raggonci ne kaɗai ya kama ka ba. Da gangan aka ƙera abin. Wani Ba'amurke, Aza Raskin, shi ya ƙirƙiro shafin da ba ya ƙarewa a 2006, wanda kana ja yana ƙara zubo maka, kuma daga baya ya fito ya ce ya yi nadama. Kamfanonin da ke da irin waɗannan shafuka da tallace-tallace suke cin abinci, tallan kuwa sai idonka na kai ake biyansu. Wato kai da kake ganin kana hutawa, kana shagon wani ne kana yi masa dako kyauta, har kai ke sayen datar. Datar ma ba ta tsaya ba: a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kashi 50 cikin 100 a kan kuɗin kira da data.

"Ni ina iya haɗa biyu," in ji wani daga baya. Madalla da gwani. Wata malama a Jami'ar Kalifoniya, Gloria Mark, ta shafe shekaru tana auna masu aiki da agogo. A 2004 mutum kan yi kamar minti biyu da rabi a kan abu ɗaya a kwamfuta kafin ya tsallaka wani. A 'yan shekarun nan ya koma daƙiƙa 47. Ba sai mun je Amurka ba ma. Tsaya inda ake loda tirela a kasuwar Ɗandume, ka ga mai kaya yana ƙirga buhu, 'yan dako na wucewa a guje. Saƙo ya shigo, ya leƙa. "Tamanin da nawa muke?" Shi ke nan, musu ya tashi, ko a sauke a sake, ko a yi ta rantse-rantse. Taura biyu ba ta taunuwa, ko da haƙoranka na zinare ne.

Hajiya, na ga kin yi shiru, kina ganin ke kin tsira tunda shagonki a WhatsApp yake. Gaskiya ne, turaren wuta da atamfa da yajin daddawa sun samu kasuwa daga cikin ɗaki, abin da iyayenmu mata ba su samu ba sai ta hannun 'yar talla. Allah ya ƙara albarka. Amma sa hoton kaya minti biyar ne, amsa masu tambaya a ce ashirin. Leƙen ankon bikin da ba a gayyace ki ba, da bin diddigin wadda ta yi wa wata habaici, da sake kallon Labarina, wane shafi za mu rubuta su a littafin ciniki? Ga dambun naman da aka ba ki oda yana ƙauri a kan wuta.

Akwai uzuri ɗaya da ba zan yi wasa da shi ba. A yankinmu mutum kan duba waya don ya ji ko hanya lafiya, ko an shiga wani ƙauye cikin dare. Wannan dole ne. Sai dai labarin da ya shafi ranka kira ake yi maka, ƙaramar waya mai tocila ma ta isa ta kawo shi.

Ita ce ma maganin da zan ba ku, kuma ba ta kai kuɗin buhun taki ba. Sa layin da abokan ciniki suka sani a cikin ƙaramar, alat ma zai shigo ta nan. Babbar kuma a jefa ta a durowa a kulle, a buɗe ta bayan azahar, a sake buɗewa bayan la'asar, a amsa saƙonni a tura kuɗi a mayar. A kashe ƙarar komai in ban da kira. Zauren 'yan ajinku na firamare da ake kwana ana musun siyasa, fita. In sun yi fushi, ka je musu suna. Garin Maska ya yi suna da saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa, kuma marini ya san in hankalinsa ya bar karofi, baba ya lalace. Sana'ar yau ma ba ta daina bukatar ido ba.

Har yanzu kuna musu? To ba ni za ku ƙaryata ba. A cikin saitin wayarku akwai wurin da take rubuta awannin da kuka yi a kan kowace manhaja, rana bayan rana. Buɗe shi yau da daddare, ka miƙa wa uwargida ta karanta maka da ƙarfi, sannan ka ɗauko littafin bashi ka gaya mata rabonka da bin ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke ciki.