Ko Tsuntsunmu Da Karin Harshensa

Mu mutanen ƙetaren kogi, tun daga Kakuri da Makera har Barnawa, Narayi da Sabon Tasha, Allah ya yi mu da son musu. Ranar da babu ƙwallo, babu siyasa, sai mu koma kan tsuntsu. A teburin mai shayi za ka ji wani yana rantsuwa cewa ɗan mitsitsin tsuntsun nan mai ruwan ƙasa, mai ɗaga jela cikin ciyawar bakin kogi, kukansa a Barnawa daban, a Gonin Gora daban. Na kusa da shi ya ce, "Haba Malam, kunnenka ne dai. Sha shayinka kafin ya huce."

In musu ya ƙi ƙarewa, masu kiwon kanari muke kai wa ƙara. Su za su gaya maka ɗan kanari ba ya fitowa daga ƙwai da gwaninta. Rataye kejinsa ake yi kusa da na tsohon gwani, ya yi ta saurare har bakinsa ya faɗa. In aka kawo wani daga Jos ko Zariya, kewaye shi muke yi, kowa ya yi tsit, sai dattijon cikinmu ya kaɗa kai ya ce, "Wannan baƙo ne."

Masana ma sun goyi bayan masu keji. A 1964, Peter Marler da Miwako Tamura sun nuna cewa wani ƙaramin tsuntsu na yankin San Faransisko a Amurka yana da karin waƙa na kowane yanki, kuma tun yana ƙarami yake ɗaukarsa daga manya. A 2003 aka gano a birnin Leiden na ƙasar Holan cewa tsuntsayen da ke zaune cikin hayaniya suna sirantar da murya don kada rugugin motoci ya danne su. To, wanda ya san Sabon Tasha da yamma, ga Keke Napep, ga janareta, ga lasifikar coci da ta masallaci, ai ba zai yi mamaki ba in tsuntsun can ya fi na Barnawa tsiwa.

Wani misalin ma yana nan kusa, a tsaunukan Jos. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu da ke saka ƙwansa a sheƙar wani jan tsuntsu, ɗan ya tashi da waƙar gidan da aka goya shi. Bin diddigin waƙar da baƙin tsuntsun yake kwaikwayo ne ya kai masani Robert Payne ga wannan jan tsuntsun duwatsu, wanda bai shiga littafin masana ba sai 1998.

Mu ma ai labarinmu ke nan. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, iyaye da kakanni suka yi ta kwararowa neman aiki: Bajju, Atyap, Tibi, Idoma, Igala, Kanawa da Katsinawa, suka tarar da Gbagyi. 'Ya'yansu suka tashi tsakar gida ɗaya, suka ɗauki Hausar da kunnensu ya ji. Shi ya sa in muka je Kano ake mana dariya, wai mun mai da mace namiji a magana. Mu kuwa ko a jikinmu, da ita muke ciniki a kasuwa, da ita muke neman aure.

Saboda haka, jama'a, a ci gaba da musu, amma a karɓe danƙo daga hannun yara, a kuma daina sare itatuwan bakin kogi. In tsofaffin tsuntsaye suka ƙare, ƙananan ba su da wurin koyo.