Tayil, Babban Yatsa da Kunyar Suruka

Layukan da ke tsakanin tayil ɗin banɗakinmu farare ne tas lokacin da muka tare. Ba a daɗe ba suka koma baƙi ƙirin. Uwargida ta yanke hukunci cewa dauɗa ce, kuma tawa ce, tunda ni ke daɗewa a shawa. Ta sayo ruwan wankin masai, irin mai asid ɗin nan, ta kwarara a ƙasa da bango. Wuri ya ɗauki kumfa yana shuuu, ta ƙwala mini kira in zo in ga yadda datti ke fita. Muka tsaya muna sa wa maganin albarka. Abin da ke tafasar nan simintin ne kansa, don asid cinye siminti yake yi, amma a ranar babu wanda ya gaya mana.

Daga nan layukan suka fara marmashewa. In ka sa farce, gari ne zai biyo ka. Tururuwa suka buɗe hanya, fentin falo kuma, ta bayan bangon, ya kumbura ya fara ɓarewa.

Na kira wanda ya yi mana aikin tun farko. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce, "Alhaji, ruwan burtsatsen unguwarku ne yake da ƙarfi." Ya dama farin siminti a gwangwanin madara, tsululu, ya cire silifas ɗinsa na dama ya dinga shafe layukan da shi a kan tsohon da ya ruɓe. Yana tsaye da ƙafa ɗaya ya karɓi kuɗinsa, ya ce zuwa la'asar in yi wankana. Hunturu ake yi, iska ta zuƙe ruwan kwaɓin kafin ya kama, amma a ido aiki ya yi kyau.

A makon ne Hajiya, mahaifiyar uwargida, ta zo daga Zariya ganin likita. Ranar Juma'a tana zaune a falo tana jan carbi, bango ɗaya ne tsakaninmu, ni kuma ina wanka cikin sauri kada huɗuba ta wuce ni. Sabulu ya rufe mini ido, na dafa bango ina laluben famfo. Sai na ji bangon ya biyo hannuna. Tayil guda ya sulluɓo ya sauka a kan babban yatsana na ƙafa, da gefensa.

Ihun da na kurma bai dace da magidanci ba.

"Innalillahi! Yaron nan faɗuwa ya yi?" in ji Hajiya.

Ni da ko ido ba na haɗawa da ita, ga ni daga ni sai kumfa, riƙe da yatsa, ina tsallen ƙafa ɗaya. Na tattaro ladabina na ce, "Lafiya lau, Hajiya, sannu da hutawa." Ban rufe baki ba na biyun ya faɗo ya tarwatse. Ta ce, "To, Allah ya sawwaƙe wannan lafiyar." Masallaci da takalmi ɗaya na je.

Wani dattijon magini ne ya warware mana matsalar. Bai ma kalli layukan ba. Makullin babur ɗinsa ya ciro yana ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya: wannan ƙwas, wancan ƙwas, sai ga bum, bum, bum har kusurwa. Ya ɓamɓaro guda ya nuna mini bayansa. Dunƙulen siminti biyar ne kawai, huɗu a kusurwoyi ɗaya a tsakiya, sauran duk rami, a jiƙe sharkaf, da kyankyasai suna zaman haya.

"Ɗana," in ji shi, "tayil ɗin da ke motsi, ko da zinariya ka cike tsakaninsa sai ya tsage."

Ya fasa gefen famfo, sai ga mahaɗar bututu tana ɗiga a cikin bango. Ita ce ta kumbura fentin falo. Bayan an ɗaure ta, ya sake kafa tayil ɗin da suka saki, ya shafe bayan kowanne da siminti kaf. Sauran layukan ya kankare tsohon har wajen kashi biyu bisa uku na kaurin tayil, don sabo ba ya kama tsoho in shafe aka yi a sama. Ya share ƙurar, ya ɗan jiƙa wurin. Kwaɓinsa kuwa tuwo ne, na mai silifas ɗin kunu. Ya ce ruwan da ya yi yawa in ya bushe ƙananan ramuka yake bari, nan ruwan wanka ke shiga. Ya bar kwaɓin kamar minti 10, ya sake juyawa, ya dinga danna shi da roba a karkace har ya cika, bayan minti 20 ya goge da soso mai ɗan laima. Kusurwoyi da inda bango ya haɗu da ƙasa, silikon ya sa, don nan gini ke motsi, siminti kuwa ba ya miƙewa. Ya ambaci wani kwaɓi mai suna ifoksi wanda ba ya shan ruwa, da na ji kuɗinsa sai yatsana ya sake zafi.

Sannan ya kafa doka: kwana 3 babu mai taɓa shawa, kuma asid ya koma masai inda aka yi shi domin sa. Haka na koma wanka da bokiti a bayan gida da asuba, cikin hunturu, ina sanɗa kada Hajiya ta ji. Ta ji. Har ruwan zafi ta sa aka kai mini, wanda ya fi tayil ɗin ciwo.

Kai mai gini, kafin ka biya mai tayil cikon kuɗinsa, ari makullinsa ka ƙwanƙwasa bangon a gabansa.